Yini Guda a Wida: Jagora ga Matafiyin Maraɗi da Ya Sauka Kwatano

Hanyar Kwatano ba baƙuwa ba ce ga mutanen Maraɗi. Shekara da shekaru alhazan garin nan da yaransu suna sauka can domin fiton motoci da atamfa da shinkafa da sauran hajar da ke shigowa ta teku, ɗalibanmu kuma suna zuwa karatu. Sai dai akasarinmu idan mun je, zirga-zirgarmu ba ta wuce tsakanin Zongo da tashar jiragen ruwa da kasuwar Dantokpa, mutum ya share mako guda yana jiran takardun kaya su fito, yana shan shayi a ƙofar masauki, alhali kuwa kimanin kilomita 40 yamma da shi akwai garin da ya kamata kowane Bahaushe ya taka da ƙafarsa. Sunan garin Wida, a allunan hanya kuma za ka ga an rubuta Ouidah. Daga gaɓar wannan gari aka yi lodin mutane fiye da miliyan guda zuwa nahiyar Amurka a zamanin cinikin bayi, kuma a cikinsu akwai Hausawa, shi ya sa nake ganin zuwa can ya fi ƙarfin yawon buɗe ido, ziyara ce ta zumunci ga dangin da aka tafi da su ba su dawo ba.

Tun da fari a fahimci cewa daga Kwatano ake yin wannan tafiya ta yini guda, domin tsakanin Maraɗi da teku akwai kusan kilomita 1,400 idan aka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso da Gaya, aka haye kogi zuwa Malanbil, aka gangara ta Kandi da Paraku da Bohikon. Tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, abin da ya juya harkar sufuri gaba ɗaya har kaya da yawa suka koma Lome, saboda haka kafin ka yanki tikiti ka je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo cikin makon halin da iyaka take ciki, kada ka dogara da labarin bara. Wasu kan bi ta Ɗan Isa da Jibiya su ratsa Najeriya har Legas, su shiga Benin ta Seme. Wanda harkarsa ta kai shi Lome shi ma Wida ba ta yi masa nisa ba, tunda tana kan babban titin da ya haɗa Lome da Kwatano, sai dai shi zai tsallaka iyaka zuwa da dawowa.

Ranar da ta fi dacewa ga ɗan kasuwa ita ce Asabar, lokacin da ofisoshin da ke riƙe da takardunsa suke rufe, babu abin da zama zai ƙara masa. Lahadi bakin teku kan cika da jama'a da kiɗa, Litinin kuma wasu gidajen tarihi ba sa buɗewa, Juma'a kuwa za ta raba maka yinin gida biyu. Game da yanayi, kudancin Benin damina biyu yake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba, don haka daga Disamba zuwa Maris ne aka fi samun sararin tafiya a ƙasa. Akwai lokaci guda da zan ce ka kauce masa idan natsuwa kake nema, wato kwanakin da ke kewaye da 10 ga Janairu, lokacin bikin addinin gargajiya na Vodun, wanda ke tara dubban mutane daga ciki da wajen ƙasar, gari ya cika maƙil, kuɗin mota da na abinci su tashi.

Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa ko fasfo a jikinka tare da katin rigakafin shawara, ko da kuwa ba za ka fita daga ƙasar ba, domin baƙo ba ya sanin inda za a tsayar da shi. Kuɗinmu da nasu ɗaya ne, sefa, agogonmu da nasu ma ɗaya ne, wannan ya rage wahala. Abin da zai ba ka ciwon kai shi ne canji. Ka fasa manyan takardunka tun a Kwatano, ka cika aljihu da jika-jika da dala ɗari-ɗari da ƴan silalla, saboda kusan kowace ƙofa da za ka shiga a Wida tana da nata kuɗin, mai babur kuma ba zai taɓa samun canjin jika goma ba. Zafin bakin teku daban yake da wanda muka sani, ba ya ƙuna kamar na bazararmu amma yana da danshi, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, saboda haka babbar riga da shadda mai sitaci su zauna a masauki. Ka sa yadi marar nauyi da hula da takalmin da za ka iya tafiyar awa guda a cikinsa, hajiya kuma ta zaɓi mayafin auduga, a ɗauki ruwan gora da ƴar dadduma da buta ƙarama.

Ka fito da sassafe, da an idar da sallar asuba an karya, domin cunkoson mashigar Godome shi ke cinye lokacin matafiyi. Motocin haya da ke zuwa Wida da iyakar Togo ana samunsu a tashar Jonke da kuma shataletalen da ake kira Etuwal Ruj, kuma duk wani ɗan Zongo zai nuna maka. Idan hanya ta yi kyau tafiyar ba ta wuce kamar awa guda ba, za ku wuce Pahu da shingen biyan kuɗin hanya na Ahozon kafin ku isa. Ka tambayi kuɗin mota kafin ka shiga, ka kuma faɗa wa direba cewa cikin gari za ka, saboda motocin da ke wucewa Lome a bakin babban titi suke ajiye mutum. Idan kun kai ku huɗu ko biyar, ya fi muku sauƙi ku yi shatar mota ta yini guda, ku yi ciniki a kan zuwa da jira da dawowa, kada ku biya duka sai an dawo da ku. Akwai wata hanya ta biyu da ke bin gaɓar teku tun daga unguwar Fijirose, ana kiranta hanyar masunta, ta ratsa ƙauyuka da itatuwan kwakwa, ta fi kyan gani amma sai ka tambayi halin da take ciki kafin ka sa direba ya bi ta. A cikin Wida kuwa abin hawa shi ne babur, wanda muke kira kabu-kabu su kuma suke kira zemijan ko zem a taƙaice, kuma hukuma a Benin ba ta wasa da maganar hular kwano, har ga wanda aka goya.

Kana sauka masu jagora za su taso maka. Kada ka kore su duka, domin yawancin wuraren da za ka gani babu wani dogon bayani a rubuce, wanda ya je shi kaɗai gumaka da itatuwa kawai zai gani ya dawo. Ka zaɓi guda wanda ke ɗauke da katin shaida, ko ka nemi ma'aikatan gidan tarihi su haɗa ka da wani, ku yanke kuɗi da wuraren da zai kai ka tun kafin a ɗaga ƙafa. Da Faransanci suke bayani, harshen gari kuma Fon ne, saboda haka wanda bai yi lakwal ba ya taho da yaro ko aboki daga Zongo da zai riƙa juya masa magana.

Ka fara da ganuwar Turawan Fotugal, wadda aka gina a 1721. Kafin zuwan masarautar Dahome, wannan yanki na masarautar Huweda ne mai hedikwata a Sabi, ƴan kilomitoci arewa da Wida, kuma tun ƙarni na 17 Turawan Faransa da na Ingila suka kafa nasu sansanonin a nan suna sayen mutane. A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci Sabi da yaƙi, daga nan Wida ta zama ƙofar Dahome zuwa teku, sarki ya naɗa wakili mai sarautar Yobogan wanda ke kula da Turawa da cinikinsu. Ganuwar Faransa da ta Ingila sun shuɗe, ta Fotugal ce ta rage, kuma tutar Fotugal ta ci gaba da kaɗawa a kanta har bayan da Faransa ta mamaye ƙasar, har bayan samun ƴancin kai a 1960. Sai a 1961 gwamnatin Dahome, wato sunan Benin a lokacin, ta karɓe ta, Turawan da ke ciki suka cinna mata wuta kafin su fita. Daga baya aka gyara ta aka mai da ita gidan tarihi. A ƴan shekarun nan gwamnatin Benin ta yi ta manyan gyare-gyare a wurin da ma garin baki ɗaya, don haka ka tambaya tun a Kwatano ko a buɗe take. Ko da ka tarar ba a shiga, tsayawa a jikin katangarta ka ji bayanin mai jagora ya isa ya ba ka bakin zaren.

Daga nan ka taka zuwa dandalin Shasha, inda ake cewa nan ake baje bayi Turawa suna dubawa suna tayawa. Sunan dandalin laƙabi ne na Francisco Félix de Souza, mutumin Bahiya ta ƙasar Birazil, wanda ya taimaki Gezo ya hau gadon sarautar Dahome a 1818, sarkin kuma ya saka masa da ba shi ragamar ciniki da Turawa a Wida. Ya rasu a 1849, gidan zuriyarsa yana nan dab da dandalin. A lura cewa Ingila ta haramta cinikin bayi tun 1807, amma a Wida bai tsaya ba, jiragen Birazil da na Kuba sun ci gaba da lodi a ɓoye da sarari shekaru da dama bayan haka. Jirgi na ƙarshe da aka sani ya kai bayi ƙasar Amurka, mai suna Clotilda, daga nan ya ɗebi mutum 110 a shekarar 1860.

Kafin ka kama hanyar teku ina so ka nemi inuwa ka zauna, ka tuno da tarihin gidanku, domin da wuya mai jagora ya kawo maka wannan ɓangaren. A 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, wajen 1807 Birnin Katsina ya faɗi, sarakunan da aka kora suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Daga nan kusan ƙarnin gaba ɗaya ana kai hari ana ramawa tsakanin Maraɗi da Gobirawa a gefe guda da daular Sakkwato a ɗaya gefen, kamar yaƙin Gawakuke na 1836 inda aka kashe Sarki Rauda na Maraɗi da Sarkin Gobir Ali. Kowane hari yana barin kamammu, kuma kowane ɓangare ya kama ya sayar. Mafi yawansu sun ƙare a gandaye da gidajen ƙasar Hausa ko an haye Sahara da su, amma wasu an gangara da su kudu ta Nufe da Borgu da ƙasar Yarabawa, daga hannun wannan dillali zuwa na wancan, har suka iso Wida da Fotonobo da Badagiri da Legas. Yawan Hausawan da aka kai Bahiya a farkon ƙarni na 19 ya kai har hukumomin can suka san su da suna kuma suna tsoronsu, domin su suka kitsa yunƙurin tawayen 1807 da aka gano kafin ya tashi, su ne kuma a gaba a tawayen 1809 da na 1814. A watan Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin Salbado na Bahiya suka yi babban boren da ake kira na Male, wanda akasarin masu shi Yarabawa ne amma da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu masu ɗauke da ayoyin Alƙur'ani. Akwai kuma wani mutum da ya bar mana labarinsa a rubuce, Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Zugu, zangon fataken goro da ke kan hanyar Gwanja a arewacin Benin ta yau, wanda ya ce mahaifiyarsa Bakatsina ce. An biyo da shi ta Wida wajen 1845 aka kai shi Birazil, ya kuɓuta a birnin New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854. Wanda ya fito daga garin da sarkinsa har yau ake kira Sarkin Katsina bai kamata ya ji wannan labari kamar na wasu can ba. Kuma adalci shi ne mu faɗa wa kanmu cewa Bature bai shiga dajinmu ya kamo kowa ba, a bakin ruwa ya tsaya da bindiga da barasa da taba da wuri, mu muka kai masa.

Hanyar bayi daga dandalin Shasha zuwa teku kimanin kilomita 4 ce. Shawarata ita ce ka taka ta a ƙasa wajen zuwa, ka hau babur wajen dawowa, kuma ka yi haka kafin rana ta take. Mai ciwon ƙafa ko dattijo ya hau babur ya riƙa sauka a kowane zango, babu laifi. Zango na farko shi ne gurbin Bishiyar Mantuwa, inda ake cewa ana sa maza su kewaya sau 9, mata sau 7, wai don su manta da sunansu da garinsu. Sai Zomayi, wurin ɗakunan duhu da ake tsare mutane kafin jirgi ya iso, sai abin tunawa na Zungboji da aka gina a kan ramin da ake cewa nan ake zuba waɗanda suka mutu ko suka galabaita, sai Bishiyar Dawowa wadda ake kewayawa sau 3 domin ko jiki bai dawo ba kurwa ta dawo gida. Ya kamata ka sani cewa gumaka da alamomin da ke waɗannan zanguna an kafa su ne a farkon shekarun 1990, zamanin Shugaba Nicéphore Soglo, kuma maganar kewaya itatuwa daga bakin mutanen gari aka samo ta, kaka da kakanni. Ka saurara da ladabi, ka riƙe ta a matsayinta na labarin baka. Abin da takardun Turawan da suka yi cinikin da kansu suka tabbatar ya fi wannan muni: ana tuɓe mutum likitan jirgi ya dudduba shi, a ɗora masa tambarin ƙarfe mai zafi a fata, a sa masa mari, a kora shi ta wannan hanya.

Gab da ƙarshen hanyar za ka haye fadamar ruwan gishiri a kan gada, kusa da ƙauyen Jegbaji. A da babu gadar, ta cikin ruwan ake ratsawa da mutane. Idan rani ne ka ɗan dakata ka ga matan ƙauyen suna aikin gishiri: su kankare ƙasar bakin fadama, su zuba ta a manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tsatso ta ƙasa, sannan su dafa ruwan a kan murhu har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Ƙulli guda ba shi da tsada, ya kuma fi tarkacen da ake sayar wa baƙi amfani a matsayin tsaraba.

Daga gadar ba nisa za ka hango Ƙofar Tafiya Ba Dawowa, wata doguwar ƙofa da aka gina a 1995 da hannun hukumar UNESCO, shekara guda bayan an ƙaddamar da shirinta na tunawa da hanyar bayi a wannan gari. Ka matsa kusa ka ɗaga kai. A saman ƙofar an zana layuka biyu na mutane ɗaure da igiya, hannuwa a baya, suna tafiya zuwa ga jirgin da ke tsakiya, ta ɓangaren gari bayansu kake gani, idan ka ratsa ka juyo ta ɓangaren teku sai ka ga fuskokinsu. Wida ba ta taɓa samun matsayar jirgi ba, manyan jiragen can nesa suke tsayawa, a riƙa kai musu mutane a kwalekwale ta cikin igiyar ruwa mai ƙarfi, matuƙan ma daga gaɓar Gana ta yau ake ɗauko su saboda gwanintarsu, kuma duk da haka kwalekwale kan kife, wanda ke cikin mari kuwa ba shi da ta yi. A nan ya kamata a rage surutu da ɗaukar hoto ana dariya. Ka yi wa Musulmin da aka bi da su ta nan addu'a, ka tuna da sauran bayin Allah da aka zalunta tare da su.

Maganar ruwan nan kuma ba ta wasa ba ce. Wanda ya koyi iyo a tafkin Madarumfa ko a gulbi da damina kada ya ɗauka ya san ruwa. Gaɓar Benin tana da gangara, igiyar tana bugowa da ƙarfi, idan za ta koma kuma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kana tsaye ruwa iyakar ƙauri sai ka ji ƙasa tana zamewa tana jan ka ciki. Mutane suna halaka a wannan gaɓa, har da ƴan ƙasar da suka tashi a bakinta. Idan kana son ka taɓa teku, ka tsaya inda kumfa ke ƙarewa, fuskarka na kallon ruwan, kada ka ba shi baya don hoto, yaro kuma kada ya bar hannunka ko da ƙiftawar ido.

Wajen azahar ka hau babur ka koma cikin gari. Wida tana da Musulmi da masallatai, ka ce a kai ka babban masallaci ko unguwar Maro, tsohuwar unguwar Musulmi wadda tarihinta ke haɗe da ƴantattun bayin da suka komo daga Birazil. Idan lokacin salla ya riske ka a bakin ruwa, teku tana kudu, saboda haka ka sa ta a hannun damanka ka fuskanci gabas, sannan ka ɗan karkata hagu. Game da ƙasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a Kwatano ya zama mazauni, kuma kilomita 40 ba ta kai nisan da ake rage salla ba, don haka cikawa zai yi. Wanda yanayin tafiyarsa ya bambanta ya tambayi malaminsa kafin ya taso.

Wajen abinci kifi shi ne mafita, ga shi sabo, soyayye ko gasasshe, a ci da akasa, wato kafa, ko da jan tuwon masara da suke kira amiwo, ko da soyayyar ayaba. Naman alade abinci ne na yau da kullum a kudancin Benin, saboda haka kada ka ci naman da ba ka san asalinsa ba, kuma ka tambaya ko da man da aka soya kifin an soya wani abu. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, kusa da masallaci ba a rasa mai tsire ko mai shayi ɗan arewa. Farin ruwan da za a iya miƙo maka a ƙaramin kofi da sunan maraba, wanda ake kira sodabi, barasa ce ta giyar kwakwar manja, ka ce na gode ka mayar. Ka sha ruwan ɗanyar kwakwa, ka nemi abarbar yankin Alada, doguwa mai farin ciki, wadda zaƙinta ya yi suna.

Bayan an ci an huta sai maganar ɗakin mesa, wanda shi ne abin da aka fi sanin Wida da shi bayan hanyar bayi. Yana tsakiyar gari, yana fuskantar babban cocin Katolika da aka kammala a 1909. A ciki akwai wani ɗan zagayayyen ɗaki da mesoshi da dama ke kwance a kan juna, ƙanana ne marasa dafi, mabiya Vodun suna girmama su da sunan Dangbe. Mai kula da wurin zai ɗauko guda ya nemi ya rataya maka a wuya domin hoto, jikinta da sanyi da nauyi, kuma kuɗin hoto daban yake da na shiga. Babu wanda zai tilasta maka, kana iya cewa a'a. Ra'ayina shi ne Musulmi yana iya tsayawa ya ga yadda wasu mutane suke rayuwa domin ya sani, amma ba ya ba da sadakar tsafi, ba ya karɓar wankan tsari ko ƙulla buƙata a jikin itace, wanda kuma ya ji zuciyarsa ba ta so ya wuce abinsa, bai rasa komai daga abin da ya kawo shi ba. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya shiga gidan mutane ya yi ta tsaki da tofar da yawu. Mu da muka tashi muna jin garayar ƴan bori a bayan gari ba mu da dalilin yin kamar ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Kuma ka kiyaye, idan ka ga mesa a kan hanya ko a cikin gida a Wida kada ka ɗauki sanda, ka kira ƴan gari su ɗauke ta, domin kashe ta babban laifi ne a wurinsu. Haka dokar take a kurmin Kpase, inda ake cewa wani sarkin Huweda ya rikiɗa ya zama itace: ka bi inda aka nuna maka, kada ka tsinki ganye.

Idan da sauran lokaci ka leƙa gidan Ajabon, wani bene da aka gina a 1922 da salon magina ƴan Birazil, wanda gidauniyar Zinsu ta mai da shi gidan nuna zane-zanen Afirka na zamani a 2013. Ko ba ka damu da zane ba ginin kansa abin gani ne, kuma tsofaffin gidaje irinsa da ke warwatse a garin na zuriyar waɗanda ake kira Aguda ne, masu sunaye irin su de Souza da da Silva da d'Almeida, wasunsu jikokin dillalan bayi, wasunsu jikokin bayin da suka komo, musamman bayan boren 1835. Ko'ina ka je kada ka ɗauki hoton mutum ko wurin tsafi sai ka nemi izini. Wanda ya zo da ƴaƴansa kuma ya yi musu bayanin abin da suka gani da Hausa, da sunayen garuruwan da suka sani, domin a makaranta a gurguje ake wuce wannan babi.

Ka yi la'asar a Wida ka kama hanya, kada ka wuce ƙarfe biyar. A bakin teku duhu ba ya jira, wajen ƙarfe bakwai gari ya rufe, titin kuma cike yake da manyan motocin da ke tsakanin Lome da Kwatano da babura marasa fitila, ga cunkoson Godome na yamma yana jiranka. Idan a motar haya ka zo, ka sa mai babur ya fitar da kai bakin babban titi, nan ne ake saurin samun wuri. Wanda kuma zai koma gida ta hanyar Paraku, yana da kyau ya ware rabin yini ya sauka a Bohikon, ya shiga Abome da ke kusa da ita ƙwarai, ya ga fadojin sarakunan Dahome waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Daga waɗannan fadoji ake ba da umarnin yaƙin da ke cika ɗakunan Zomayi, kuma motocin arewa ba sa yankewa a tashar Bohikon.